Tsatsar tsohuwar mota: abin da ake shafawa da yadda ake shafa shi



Duk shekara idan damana ta ɗauke, kaka ta shigo, kuɗi suka ɗan zauna a hannu, za ka ga ana kai tsofaffin motoci garaji a yi musu sabon fenti. Mota ta fito tana ƙyalli, mai ita yana murna. Kafin a ci damana biyu sai fentin ya fara tasowa ƙuraje-ƙuraje a gindin ƙofa da bakin gilashi, ka danna da yatsa ya fashe, jan gari ya zubo. Kuɗin da aka tara, ko wanda ɗan uwa ya aiko daga cirani, ya tafi ke nan. Asarar kuma ba ta tsaya ga kuɗi ba, domin motar da tsatsa ta ci wa shasi ko bututun birki ita ce dai ke ɗaukar mutane ranar kasuwa, ita ce ake neman ta da dare a kai mai naƙuda asibiti.

Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda. Abin da muke so a riƙe shi ne, duk tsadar maganin tsatsa, ba ya aiki sai a kan ƙarfen da aka kankare, aka wanke, ya bushe. Mafi yawan aikin yana nan, kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Yadda tsatsa ke samuwa

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, iska da ruwa. Idan aka raba ƙarfe da ruwa ko da iska, tsatsa ta tsaya. Aikin fenti da duk wani abin shafawa ke nan, ya shiga tsakani. Gishiri kuwa shi ne mai zuga su, don yana jawo laima daga iska ya riƙe, kuma ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana kumbura. Shi ya sa take ɗaga fenti daga ƙarƙashi. Kuma ba ta da ƙarfi, kamar soso take, tana shan ruwa ta ajiye a jikin ƙarfen da ya rage. Idan ka ga ƙurji ɗaya a fenti, ka sani abin da ke ƙarƙashi ya fi shi faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƴar ƙarzuwa ɗaya daga tsakuwa ko ƙaya ta isa ta buɗe mata hanya.

Daga ina take zo mana?

Mutane da dama suna cewa ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa matsalar mutanen bakin teku ce. Akwai gaskiya a ciki. Idan laimar iska ta gaza kashi 60 cikin 100, ƙarfe mai tsabta kusan ba ya tsatsa, mu kuma a watannin rani laimarmu tana sauka ƙasa da kashi 20. Wannan ne ya sa tsofaffin motoci ke daɗewa a nan fiye da Kwatano ko Legas. Amma tsatsa tana da hanyoyi huɗu da take shigo mana.

Ta farko, mota tana zuwa da abinta. Mafi yawan motocinmu sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka. A Beljiyam, Jamus, Holan, arewacin Faransa, Kanada da arewacin Amurka, gishiri ake barbaɗawa a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Motar da ta yi shekara 10 ko 15 tana bin irin wannan titi, gishirin ya shige mata kowane lungu. Daga nan a loda ta a jirgin ruwa daga Anvers, ta zo ta zauna a filin ajiyar motoci na Kwatano ko Lome tana shan iskar teku. Kafin ta iso Maraɗi, cutar tana ciki.

Ta biyu, damana. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yana kwanciya a hanyoyin ƙauye da kwarin Gulbin Kaba. Mota ta ratsa, rairayi da laka su cika cikin shasi da rufin taya. Waje ya bushe cikin awa ɗaya, amma rairayin da ke ciki yana iya yin makonni da danshi.

Ta uku, kayan da muke ɗauka. Buhunan takin zamani, gishiri, kanwa, awaki da tumaki da fitsarinsu, jarkunan ruwa masu yoyo. Takin zamani musamman yana cin ƙarfe ƙwarai idan ya jiƙe. Duba bodin duk wata motar kasuwa, za ka ga inda aka saba ajiye irin waɗannan kaya ne ya fara hujewa.

Ta huɗu, ruwan batir da walda. Ruwan batir idan ya tsiyaya yana cinye mazaunin batir da abin da ke ƙarƙashinsa. Wurin da aka yi walda kuma, wuta ta ƙone fentin ciki da waje; idan aka shafe waje aka bar ciki, daga nan tsatsa za ta sake farawa.

Motocin da suka fi kamuwa

Shekarun mota suna da muhimmanci. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968, kuma an yi ta haɗa 504 a Kaduna daga 1975 har cikin shekarun 2000. Irin waɗannan motoci da ƙarfe zalla aka yi jikinsu, fenti kawai ke tsare shi. Daga baya ne kamfanoni suka fara lulluɓe ƙarfen jikin mota da tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. Audi 80 ta 1986 tana cikin na farko da aka yi wa duk jiki haka, sauran kamfanoni suka bi sannu a hankali. Saboda haka motar shekarun 1990 zuwa sama jikinta ya fi jurewa, amma duk inda aka buga, aka gurza ko aka yi walda, tutiyar ta tafi, wurin ya zama kamar na tsohuwar 404.

Motoci masu shasi daban, irin su Hilux, Land Cruiser da manyan kamiyo, jiki yana iya zama garau alhali shasi ya ruɓe daga ciki. Ko a Amurka, a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasantawa ta sama da dalar Amurka biliyan 3 kan shasin wasu motocinsa ƙirar Tacoma, Tundra da Sequoia da suka yi tsatsa. Kada sunan mota ya hana ka leƙa ƙarƙashinta.

Wuraren da ake dubawa

Kayan dubawa ba su da tsada: tocila, turnabis, ƙaramar guduma da maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne. A wanke ƙarƙashin motar tukuna, a bar ta ta bushe, a hau da ita kan rami.

A duba shasi daga gaba har baya, musamman mazaunin sifirin da shokozoba da inda tankin mai ya jingina. A ƙwanƙwasa da guduma: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji tim, ɓawo yana zubowa. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba inda ƙafafu ke sauka. A duba gindin ƙofofi, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, cikin rufin taya, ramin tayar ajiya, mazaunin batir, da ƙarƙashin robar gilashin gaba da na baya. A bi bututun birki da na mai da hannu tun daga farko har ƙarshe. Maganaɗisu kuma a riƙa manna shi a jikin mota. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne aka cika wurin da shi, kuma sau da yawa rami ne a ƙarƙashi.

Abin da za a gani kashi uku ne. Akwai tsatsar sama, wadda ja ne kawai, idan aka goge sai ƙarfe ya fito fari. Akwai wadda ta yi ɓawo ta bar ƙananan ramuka, amma ƙarfen yana da sauran kauri. Sai wadda ta huda ko ta sa ƙarfe ya yi laushi har turnabis yana shiga. Biyun farko ne abin shafawa ke yi wa magani. Ta ukun ba ta da magani sai yanka: a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a sa sabo mai kauri ɗaya da shi, a yi walda. Bututun birkin da ya yi ɓawo kuwa ba a shafa masa komai, canja shi ake yi.

Share fage kafin shafi

Toliye, wanda a Kano da Katsina ake ce wa fanal-bita, shi ne mai wannan aiki, kuma nan ne ya kamata mai mota ya tsaya ya gani da idonsa.

Da farko a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu don gishiri ya fita. Gurzawa ba ta fitar da gishiri, tura shi take yi cikin ramukan ƙarfe. Sannan a goge maiƙo da diliyan da tsumma mai tsabta. Bayan haka a kankare da burushin waya, injin gurza ƙarfe da samfefa mai kaushi, lamba 80, har sai ƙarfe ya fito fari, a kuma wuce iyakar tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku ta kowane gefe. Tsohuwar kwaltar da ke ƙarƙashin mota, idan ta tsattsage, a ɓamɓare ta, domin ruwa yana kwana a bayanta.

Ƙarfen da aka kankare kada ya kwana tsirara. Raɓar dare ɗaya ta isa ta mai da shi ja, har gumin hannu yana bar masa tabo. A kankare gwargwadon abin da za a iya shafewa a wannan rana.

Ire-iren abin shafawa

Ruwan kashe tsatsa. Wannan ruwa ne mai ɗan guba da ake shafawa a kan ƴar tsatsar da ta maƙale cikin ramuka, wadda burushi bai kai gare ta ba. Yana juya ta ta koma baƙin abu mai tauri. Wani da asid ɗin fosforik ake yin sa, wani kuma da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa. Dukawanmu sun san wannan haɗi tun kaka da kakanni: idan kuloko, ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take take yin baƙi. A Faransa ana sayar da irinsa da suna Frameto. Amma a lura, bakin tsatsar kawai yake kamawa. Idan aka shafa shi a kan ɓawo mai kauri, sama za ta yi baƙi, ƙasa tana ci gaba da ci. Kuma shi kaɗai ba ya tsare ƙarfe, dole a bi shi da fenti. Wasu iri sai an ɗauraye su an busar kafin fenti ya kama, don haka a karanta jikin gwangwani.

Jan fenti, wato antiruy. Shi ne wanda kowa ya sani, wanda masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi. Yana da araha kuma yana da amfani a kan amalanke, bodin kaya da ƙarafan da ba a neman ƙyalli. Rauninsa shi ne shi kaɗai ba ya hana ruwa shiga sosai, sai an rufe shi da fenti na sama. Motar da ake yawo da ita wata da watanni da jan fenti ko toka-tokan share fage, ana jiran kuɗin fenti, tana tsatsa a ƙarƙashinsa. Tsohon iri mai ruwan lemo da ake kira miniyom, da dalma ake yin sa, za mu dawo kansa a ƙasa.

Fentin epoksi. Wannan shi ne ya fi kowanne tsare ƙarfen jikin mota. Gwangwani biyu ne, fenti da abokin haɗinsa mai sa shi ya daskare. Yana kama ƙarfe gam, ruwa ba ya ratsa shi. Sai dai yana son ƙarfe fari tas, kuma dole a auna haɗin daidai yadda aka rubuta, kada a yi da ka. Da zarar an haɗa, awoyi kaɗan gare shi kafin ya daskare a cikin gwangwani, zafinmu kuma yana rage wannan lokaci. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, a yi shafi biyu.

Fenti mai tutiya. Garin tutiya ne cikin fenti. Tutiya tana sadaukar da kanta, ita ke fara lalacewa kafin ƙarfe. Akwai irin da ake fesawa tsakanin ƙarfe biyu kafin a haɗa su da walda, don wurin da hannu ba zai sake kaiwa ba ya samu tsaro. Shi ma sai a kan farin ƙarfe yake aiki.

Mastik. Ba maganin tsatsa ba ne, na daidaita jiki ne, kuma yana shan ruwa. A sa shi siriri, kada ya wuce kamar milimita 3, a kan ƙarfen da aka gama gyarawa. Toshe rami da mastik, da tsumma ko gidan sauro na waya a baya, kyan ɗan maciji ne.

Abin toshe haɗi. Wani danƙo ne mai laushi da ake bi da shi kan layin walda da inda ƙarfe biyu suka haɗu, bayan an shafa epoksi. Yana hana ruwa shiga tsakani. Toliye da yawa suna tsallake shi saboda ba a ganinsa, alhali daga haɗi tsatsa ta fi farawa.

Kwaltar ƙarƙashin mota, wadda ake kira blakson. Amfaninta kare fenti daga dukan tsakuwa da rairayi. A kan fentin da ya bushe ake fesa ta. Idan aka fesa ta a kan tsatsa ko laka, an ɓoye cuta ne kawai, kuma za ta fi saurin ci don ruwa ya samu mafaka.

Kakin cikin lungu. Ruwan kaki ne da ake fesawa da dogon bututu cikin shasi, cikin ƙofofi da duk ƙarfe mai rami a ciki. Yana malala ya shiga haɗi, ba ya bushewa ƙarau. Dinitrol da Waxoyl suna cikin sanannun sunaye a Turai. Shi ne na ƙarshe a jerin aiki, bayan an gama walda da fenti, domin yana kama wuta kuma fenti ba ya zama a kansa.

Jerin aikin daga farko zuwa ƙarshe

Wanki, a busar. Yanka da walda. Kankara har farin ƙarfe. Ruwan kashe tsatsa inda akwai ramuka. Epoksi ciki da waje. Abin toshe haɗi. Mastik siriri inda ake bukata, a goge, a sake rufe shi. Fenti na sama. Kwalta a ƙarƙashi. Kaki a lungu.

Akwai wuraren da ba a shafa wa komai: faifan birki da takalmansa, salansa, bel, da wayoyin wuta inda suke haɗuwa da jiki. Lambar shasi a tsabtace ta a hankali, a shafa mata abu siriri yadda za a iya karanta ta. Kada a gurza ta da inji, kada a binne ta da kwalta, don ita ce jandarma da duwan ke gwadawa da kartagiris. Ƙananan ramukan da ke gindin ƙofofi da ƙarƙashin shasi kuma hanyar fitar ruwa ce, a bar su buɗe.

Lokacin da ya dace

A nan wajenmu lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa. Iska ta bushe, zafi ya sauka. Mafi yawan fenti sun fi son zafi tsakanin digiri 15 zuwa 25. Matsalar wannan lokaci ita ce ƙurar hunturu, saboda haka a yi feshi a cikin rumfa mai kewaye, a yayyafa ruwa a ƙasa, a zaɓi hantsi kafin iska ta taso, bayan raɓa ta bushe.

A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙarfen da ke rana kuma ya fi haka. Fenti yana bushewa kafin ya kwanta, sai ya yi kaushi ya ƙi kamawa. Da damana kuwa laima tana maƙalewa ƙarƙashin fenti. Idan ya zama dole a yi aiki a waɗannan lokuta, a yi shi cikin inuwa da sassafe lokacin bazara, da damana kuma a jira ranar da gari ya washe. Ba a fafe gora ranar tafiya: motar da za ta yi aikin damana, tun ɗari ake gyara ta.

Maganar baƙin mai

Mun san dabarar da aka saba, a fesa wa ƙarƙashin mota baƙin man da aka juye daga inji, wani lokaci a haɗa da gazuwal. Gaskiya ne mai yana korar ruwa, kuma ya fi a bar ƙarfe tsirara. Amma baƙin mai yana ɗauke da dattin inji, yana kumbura robobi da tiyon birki, yana tara rairayi ya zama kamar samfefa, kuma ruwan farko yana wanke rabinsa. Abin da ya tsiyaya ƙasa yake shiga, mu kuma rijiyoyi muke sha. Yawan taɓa shi da fata ma yana da illa. Wanda bai samu kaki ba, ya nemi sabon man giya mai kauri ko girisi, ya sa cikin shasi da ƙofofi, nesa da birki da roba, ya kuma sabunta kowace shekara kafin ruwan farko.

Lafiyar mai aiki da yaran garaji

Miniyom da tsofaffin fenti da yawa suna da dalma. Idan aka gurza su a bushe, ƙurar tana shiga huhu da tufafi, a kai ta gida. Mun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Dalma ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu ciki. Kada a bar yara su yi wasa ko su ci abinci inda ake gurza fenti, kuma kada a mai da gwangwanin fenti mazubin ruwa ko abinci.

Fenti mai haɗi biyu, musamman na sama mai ƙyalli, tururinsa yana jawo ciwon asma wanda ba ya barin mutum. Rawani ko ƙyalle a hanci ƙura kawai yake ragewa, ba ya tare wannan tururi. Ana bukatar abin rufe hanci mai matatar gawayi, da wuri mai iska. Walda a kan ƙarfe mai tutiya tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Shan madara ba ya maganinsa. A goge tutiyar daga inda za a yi walda, a tsaya inda iska ke kwashe hayaƙin.

Wasu suna kankare ƙarfe da rairayi ta hanyar hura shi da kwamfuresa. Aikin yana kyau, amma ƙurar rairayi tana taruwa a huhu ta zama cutar da ba ta da magani. Ingila ta hana wannan aiki da rairayi fiye da shekara 70 da suka wuce. Kada yawan rairayin da muke da shi ya ruɗe mu.

Kafin walda a cire kan batir, a sauke tankin mai idan aikin yana kusa da shi, a fitar da jarkunan mai daga garaji, a ajiye bokitin yashi kusa.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da kuke sayen mota ku aiko gida, ku leƙa ƙarƙashinta kafin ku dubi kujeru. A Faransa doka ta wajabta wa mai sayar da motar da ta wuce shekara 4 ya ba mai saye takardar binciken lafiyar mota wadda ba ta kai wata 6 ba. Ku karɓa ku nemi kalmar corrosion a ciki. Motoci da yawa da ake turowa Afirka, tsatsar ƙarƙashi ce ta sa masu su suka rabu da su. Kafin a loda ta, a wanke ƙarƙashin da ruwa mai ƙarfi.

Ku da kuke aiko kuɗin gyara kuma, ku nemi a turo muku hoto ta WhatsApp a matakai uku: bayan an kankare, bayan walda, da bayan shafin farko. Hoton mota tana ƙyalli ba ya nuna komai. A yi ciniki da toliye a kan aikin mataki-mataki, a biya shi haka, kuma mai mota ya sayi kayan da kansa ko ya ga gwangwanin a rufe. Idan ba a samu epoksi ko kaki a kusa ba, a nema a Maraɗi ko Kano. A duba ranar da aka yi shi, don abokin haɗin epoksi yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi. Toliye na kirki ba ya jin haushin a tsaya a ga aikinsa, sai dai a ba shi lokaci da haƙƙinsa, domin kankara aiki ne mai cin kwanaki.

Idan kuɗi bai isa a yi duka ba, a fara da abin da ke riƙe rai: bututun birki, shasi da mazaunin sifirin, sannan ƙasan mota. Fentin ado ya jira wata kakar.

Bayan an gama

Duk lokacin da mota ta ratsa laka, a wanke ƙarƙashinta, a sa tiyo cikin shasi har ruwa ya fito fari. Bayan ɗaukar taki, gishiri, kanwa ko dabbobi, a share bodi a ɗauraye. Shimfiɗa leda ko tabarma kafin lodi yana rage ɓarna. Shimfiɗar cikin mota idan ta jiƙe a fitar da ita rana. Kada a lulluɓe mota da tamfal a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, zufa take yi a ciki. Ƙarzuwar da ta kai ƙarfe a taɓa mata fenti cikin makon. Sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan na ƙarshe, a hau rami a duba da tocila.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa direba ko toliyen da ke kusa da shi, ya kuma kai tambayarsa gidan rediyo, za mu nemi masu sana'ar su amsa a cikin shiri. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin hawanmu.